Addu'ar da Aka Goge

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna?

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun direba, wannan ba maganar waya ba ce. Kin san aikina a ofishin tsaro: muna zaune a ɗaki marar taga, kowa da kwamfutarsa, muna karanta abin da mutane ke rubutawa a shafukan sada zumunta. Makon jiya aka sa hoton mutumin nan da aka harbe bisa zargin safarar makamai. An umarce mu mu tattara sunan duk wanda ya yi masa addu'a a ƙarƙashin hoton. Na tarar da na maigidanki, ya rubuta Allah ya jiƙansa. Na san dalili. Mijinki ne ke yi wa mamacin ɗinki, kuma shi ko kazar maƙwabta ce ta mutu sai ya je ta'aziyya. Amma na'ura ba ta san tela ba. Ki sa shi ya goge yau, sannan ki ƙona wannan.

Ki gaishe mini da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ki. Yaya yara, suna cin abinci kuwa? Direba ya faɗa mini yadda aka ɗauke maigidanki daga shago, rigar wani tana ƙarƙashin allurar keken ɗinki.

Sai yanzu na gane yadda manyanmu da ke saman bene suke aiki. Sunayen da muke tattarawa sun yi musu yawa, har da limamai da 'yan makaranta, don haka ajiyewa suke yi su jira. Wanda ya bar addu'arsa, mai tausayi ne kawai. Wanda ya goge, ko yana da abin ɓoyewa, ko wani daga ciki ya tsegunta masa. Cikin duk waɗanda na tattara, shi kaɗai ya goge.

Da na yi shiru, da yanzu yana kan kekensa.

Suna ta tambayarsa wa ya faɗa masa. Har yau bai ambace ni ba, mutumin da kullum nake tsokana cewa bakinsa ba ya riƙe magana. Gobe zan hau sama in faɗa musu da kaina. Ban sani ba ko hakan zai sa su sake shi.

Maganin Inna yana cikin jakar da na ba direba, safe da yamma, bayan ta ci abinci. Idan ya dawo miki ba takarda, kada ki neme ni a waya, kada kuma ki rubuta komai a ƙarƙashin hotona.

Ki yafe mini.

Ƙanwarki,
Auta