Fulawar Ummu Salma Ba Zazzaɓi Take Yi Ba

Baban Fiddausi,

Na wuce makaranta, na ga kana barci ban tashe ka ba. Shayinka yana cikin filas.

Na duba kilamatis ɗin nan, fulawar da maƙwabciyarmu Ummu Salma ta bar mana amana. Da na tona ƙasar tukunyar sai ga ƙwayar farasitamol har biyu. Na san aikinka ne. A kantin magani kai ne gwani, amma wannan baiwar Allah ba zazzaɓi take yi ba. Ka ajiye ta a ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, ruwansa yana ta ɗiga mata har saiwarta ta fara ruɓewa.

Na yanke rassan da suka yi baƙi, na canja ƙasar, na mayar da ita bakin katanga, ganye a ranar safe, gindi a inuwa. Toho ɗaya ne ya rage kore, shi kaɗai za mu nuna wa mai ita in ta dawo daga Kano ranar Juma'a.

Don Allah kada ka ba ta komai, ko da ruwa ne. In tausayi ya kama ka, ka yi mata sannu daga nesa.

Tasallah