Raɗaɗina Ya Sa Ƙanwata Ta Ƙi Tiyata

Anti Zulai, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle.

Ni manomiya ce a Jiwa. Shekarun baya aka cire mini nonon hagu saboda cutar daji. Ɗinki ya warke, amma raɗaɗi ya zauna, kamar an zuba mini garwashi a hammata. Ko riga ta gogi wurin sai na cije leɓe. Fartanya ma na ajiye ta. Mutane suka ce raki ne, har na daina faɗa.

Bara wasu masu bincike a wani asibiti a Gwagwalada suka ɗebi jininmu, mu da aka yi wa aiki. Suna duba ko akwai abin da ake gada da ke sa zafin tiyata ya ƙi tafiya, ko ya sa mutum saurin kamuwa da cutar. Daɗi ya kama ni, ashe ba raki ba ne. Na ba kowa labari, har ƙanwata Elizabeth.

Yanzu an ga ƙullutu a nononta, likita ya ce a yi aiki da wuri. Ta ce tunda jininmu ɗaya, gara ta mutu da ta yi irin rayuwata. Ita ke shafa mini magani, ta ga komai. Yaranta ƙanana ne. Yayanmu Thaddeus ya ce bakina ne ya jawo, in je in ce mata na warke. Na je, na faɗa. Ta rungume ni don murna, sai ƙara ta ƙwace mini. Tun ranar ba ta ɗaga wayata. Yaya zan yi?

Mai Damuwa, Jiwa

'Yar'uwa, sannu. Ba ki yi laifi ba don kin faɗi ciwonki. Yayanku ma tsoro ne ya sa shi, amma shawararsa ta cinye muku yardar Elizabeth.

Masu binciken nan tambaya suke yi, ba hukunci suka yanke ba. Ko an gaji abu, ba dole ya bayyana ga kowa ba. Sai dai ba zan ɓoye miki ba: babu mai iya yi mata alkawarin ba za ta sha zafi ba. Amma raɗaɗi ana zama da shi, ana neman sauƙinsa. Ƙullutun kuwa ba ya jiran kowa.

Kada ki sake kiran waya. Ki je gidanta ki nemi gafara kan ƙaryar. Ki roƙe ta ku ga likitanta tare, ki bayyana masa abin da ya same ki, a tsara yadda za a kula da zafinta tun kafin aiki. Ke ma a sake duba naki. Shawara ta ƙarshe tata ce, amma ki bari ta ji daga bakinki ko kin yi nadamar aikin da ya ceci ranki.

Ki je makon nan. Allah ya ba ku lafiya.

Anti Zulai