Masu Riƙe Hannun Baba

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Anti da yara. Takarda na rubuto maka saboda a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana.

Yaya, Baba zai sa min hawan jini. Ka san likita ya ce idon ba zai dawo ba, inuwa-inuwa kawai yake gani, amma kullum garin Allah ya waye sai ya kafa hula ya ɗau sanda ya nufi shago. Bas biyu fa yake hawa kafin ya kai! Na ce ya zauna a gida, ya ce saƙar kujera da yatsu ake yin ta, kuma ga kujerun mutane can jibge suna jiransa.

Jiya na bi bayansa bai sani ba. Abin da na gani ya ɗaure min kai. Yana isa bakin titi ya tsaya ya ɗaga gwiwar hannu, kamar mai jiran a rataya masa jaka. Sai ga mai jarida ya bar teburinsa ya tsallakar da shi. Bas ta zo, wata nas ta ce, "Baba, tamu ce," ta hau da shi. A shataletale inda ake canjin mota, kwandasta ya sauko da shi ya miƙa wa mai gadin wani kanti, shi kuma ya tura shi cikin ta biyu yana ce wa na ciki, "Ga Mai Kujera nan, a sauke shi wajen masu katako." Haka ake miƙa ubanmu hannu zuwa hannu kamar ƙunshin saƙo.

Da yamma na tambaye shi sunan nas ɗin, bai sani ba. Mai gadin fa? "Wani mai tari ne, mutumin kirki." Iyakar abin da ya sani ke nan. Yaya, tsoro nake ji. Ka yi masa magana, ko kai ya ji taka.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Auta.

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso, kuma raina ya ɓaci. Ina mamakin yadda kina gida ɗaya da Baba har abu ya kai haka.

Ba mu san waɗannan mutane ba, ba mu san nufinsu ba. Duk wanda ya gan su zai ɗauka Baba bai haifa ba. Ki ɗauki hutu a makarantarku, ki riƙa raka shi da kanki, ki kuma shaida musu cikin ladabi cewa yana da 'ya'ya, su cire hannunsu. Idan ya ga wahalar da yake ba ki, da kansa zai haƙura da shagon.

Ki sani, idan wani abu ya same shi a hanya, zan rufe shagon in ɗauko shi ya dawo wurina. Na riga na gyara masa ɗaki.

Ki gaida shi. Wassalam.
Yayanki.

Yaya,

Gaisuwa a taƙaice, don yau ba ni da bakin doguwa. Baba yana lafiya, na fara da wannan kada ka ta da hankalin Anti.

Na bi umarninka tsaf. Na ɗau hutu, shugabar makaranta tana ta harara ta. Da mai jarida ya miƙo hannu na ce, "Malam, mun gode, daga yau ka bar shi, yana da masu shi." Ya dube ni, ya dubi Baba, ya koma teburinsa. Nas ɗin ta yi murmushi ta ce, "To madalla." Mai gadin kuwa tari kawai ya yi. Ni da ban saba da layin ba na sha matsi, an taka ni, wata ta ɗora min kwandonta a cinya ko sannu babu. Baba kuma tun da muka fara ya ɗaure fuska, ko na ce "Ga tudu," sai ya ce, "Na san shi tun ba a haife ki ba."

Ba haƙura ya yi da shagon ba, hutuna ne ya ƙare. Ranar da na koma aiki na roƙe shi ya zauna, ya ce to. Ina fita ya fita.

Ya je bakin titi ya ɗaga gwiwar hannun nan tasa, ba wanda ya kama. Mai jarida yana kallonsa, wai ya zaci ina bayansa. Nas ta hau bas ɗinta ta tafi, wai kada ta shiga hurumin 'ya'ya. Baba ya gaji da tsayuwa, ya ji bas ta tsaya, ya laluba ya hau. Ashe mai fita bayan gari ce. Girman kai ya hana shi tambaya, ya zauna shiru har tashar ƙarshe, inda ya yini a kan benci cikin rana.

Na taso aiki na tarar ba ya gida, ba ya shago. Na dawo unguwarmu ina ta cigiya. Ina tsaye a bakin titi ina kuka kamar ƙaramar yarinya sai ga shi, wata mai sharar tasha ta riƙo hannunsa. Ita ta lura da shi, ta ba shi ruwa, ta baro aikinta ta hau mota ta kawo shi. Kafin in gama godiya ta juya ta bi motar komawa.

Na huce haushina a kan mai jarida, na ce yana gani tsoho ya hau motar da ba tasa ba. Ya ce, "Baiwar Allah, ba ke kika ce yana da masu shi ba?" Mutanen garin nan da ba sa jin maganar kowa, sai tawa suka ga damar ji!

Ƙanwarka, Auta.

Auta,

Bayan gaisuwa. Abin da na guda ke nan. Magana ta ƙare. Zan zo da mota ranar Asabar ta sama. Ki haɗa masa kayansa da magungunansa, ki gaya wa masu kujeru su kwashe abinsu. Kada ki tsaya jayayya da shi, ni zan yi masa bayani.

Yayanki.

Yaya,

Ina gaisuwa. Na haɗa kayan kamar yadda ka ce, Baba ya kwance su. Na sake haɗawa, ya sake kwancewa, har da ninke rigunan ya mayar cikin durowa, ya fi ni iya ninki ma.

Tun ranar bai fita ba. Kujerar falo da lafiyarta lau ya warware ta ya sake saƙawa, ya kuma warwarewa, duk gidan igiyar roba ce, jiya saura kaɗan in faɗi. Ba ya faɗa, ba ya cin abin kirki. Na fi son lokacin da yake min gardama.

Kai kana can kana ba da umarni, ni ce nake kallon fuskarsa. A gidanka wa zai kawo masa kujera? Kai kana ofis, Anti tana aiki, yara suna makaranta, sai shi da bango.

Don haka yau da safe na ajiye kunya na je na ba mai jarida haƙuri. Sai da ya ja min rai, yana ta jera jaridun da a jere suke. Na tare nas a ƙofar bas, ta ce, "Ai kullum sai na duba wurin tsayuwarsa." Na bi har shataletale wurin mai gadi, na makara aiki, na sha faɗa. Ban ce maka na yarda da su ba. Har yanzu ban san sunan ko ɗaya ba, kuma tsoron bai bar ni ba. Amma ni na kore su, shi ya sa na je na dawo da su. Sauran tsakaninka da Baba ne, ni na gaji.

Auta.

Zuwa ga Babban gida,

Ina gaishe ka, ina gaida iyalinka, Allah ya yi muku albarka. Ka yi haƙuri da karkacewar rubutun, a cikin bas muke, wani bawan Allah da ke zaune kusa da ni nake faɗa wa yana rubutawa a kan gwiwarsa.

Na ji za ka zo da mota. Ka zo, ina marmarin jin muryarka, amma a shago za ka same ni. Na san tsoro ne ya sa ku, ban ƙi ba. Ni ma na ji tsoro a kan bencin nan. Sai dai zaman ɗakin da ka gyara min ya fi ba ni tsoro. Ido na rasa, ɗana, ban rasa mutane ba.

Za ka ga rubutun ya canza daga nan. Mutumin ya sauka, wata ɗaliba ce ta karɓi biron, ta ce in gaishe ka.

Ni ma an ce mun kusa. Zan ba wanda ya sauke ni takardar nan ya kai gidan waya, ban san ko wane ne ba tukuna. In ta iso hannunka, ka bar min shagona.

Mahaifinka.