Raƙuman Kaftin Fannami

Gure, bayan damina

Zuwa ga taubashina Modu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya Agadas, yaya aiki, yaya Aisa da yara? Mu nan lafiya lau, gero ya yi kyau bana har Gidigir.

Albishirinka. Za a sa wa kolejinmu sunan Kaftin Fannami, Allah ya jiƙansa, kuma ni Salihu aka ba gyaran bangonsa kafin ranar biki. Direkta da kansa ya tako har rumfata. Ni da na bar lakwal, wato makaranta, ba ko takardar birebe ta kammalawa, yau ni ake nema. To wa za su nema? Duk babbar motar kaya, kamiyon, da ke tashi daga nan zuwa Difa, zanen da ke bayanta hannuna ne.

Na je na ga bangon. Ayarin raƙuman da muka zana yana nan a bayan ajinmu, sai dai ya koɗe. Ka tuna mutumin: ya ƙare ƙuruciyarsa cikin sojan raƙuma a arewa, ya ajiye kaki, ya dawo da ɗingishi yana koya wa ƴaƴan mutane zane. Sai ya jera mu kamar kurata kafin ya raba gawayi. Kowane ɗalibi da raƙuminsa a bangon nan, na gaba kuwa nasa ne. Naka yana nan, mai wuya kamar butar shayi. Yara har yanzu dariyarsa suke.

Na sa an kawo mini fentin mai daga Damagaram, irin wanda nake wa motoci. Zan bi kowane raƙumi da shi yadda ko jikokinmu za su tarar da shi yana ƙyalli.

Ka gaida mutanen gida.
Naka, Salihu

Gure, bayan mako biyu

Modu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta iyali. Ban san ta inda zan fara ba.

Fentin ya hau, ya yi kyau, mutane suna tsayawa kallo. Da rana ta dake shi ya bushe, sai ya fara naɗewa kamar fatar tsire, yana ɗebo farar ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Bangon laka ne, Modu, ba ƙarfen mota ba. Raƙuman da na fara da su duk sun zube, har da naka. Allah ya taimaka ban kai kan na Kaftin ba. Biki kuma ga shi ya matso, an riga an aika wa tsofaffin sojoji abokansa.

Na ɗauki ƙafa na je wurin Hajiya Yakura, matar marigayi, don kada ta ji a bakin wani. Na zata faɗa za ta yi. Ta sa aka kawo mini fura, ta tambaye ni ko na taɓa ganin mijinta ya sayi gwangwanin fenti. Ashe jar ƙasar da yake sa mu ɗebo a hanyar Gamu, da ƙaron da muke tsinko masa, mu muna cewa horon soja ne, su ne fentin. Kowace shekara in ruwa ya ɗauke sai ya jiƙa ƙaro, ya kwaɓa da ƙasa da gawayi, ya sa sababbin yara su bi sawun tsofaffin raƙuma. Tun da ya rasu ba wanda ya sake yi. Ta ce mini, "Salihu, raƙumi ne fa. Kiwo yake so, ba ƙyalli ba."

Gobe da safe zan ɗauki amalanke zuwa hanyar Gamu ɗibar jar ƙasa.

Naka, Salihu

Gure, kashegarin biki

Taubashina,

Ina fata kana lafiya kamar yadda muke. Kai, ka yi asarar kallo!

Direkta ya ba ni ƴan aji biyu. Na jera su yadda aka jera mu, muka shafe wurin da ya zube, muka kwaɓa ƙasa. Wata Fa'iza ƴar garin Bune ta gyara mini gwiwar raƙumi a gaban kowa, ta ce ta raƙumin ubanta ba haka take lanƙwasa ba. Na duba, gaskiyarta, amma ban faɗa mata ba. Waɗanda raƙumansu suka zube na bi su gida gida. Alhasan mahauci ya zo da jini a riga ya zana nasa, ya fi na da muni.

Ranar biki wani tsohon sarjan ya tsaya gaban raƙumin Kaftin ya sara masa, ya daɗe bai sauke hannu ba. Hajiya Yakura ta shafa bangon, ta duba tafinta ya yi ja, ta gyaɗa kai.

Yanzu kowace Alhamis da yamma ni ke koyar da zane. Mushe Salihu suke ce mini, wato Malam Salihu, ka riƙe wannan.

Saura wuri ɗaya fari fat a tsakiyar ayari. Yara sun so su cike shi, na hana, na ce mai shi yana da rai. Ka nemi hutu ka zo kafin ƙaron ya ƙare. Ka kuma zana wuyan yadda yake, kada ka ce za ka gyara.

Ka gaida Aisa, ka shafa mini kan yara.
Naka har kullum, Salihu