Ranar da Kalangu Ya Karɓi Waƙar Baturiya

Daren Lahadi, Illela

Yau dai mun ci nasara.

Sati uku ke nan ina fama da Kawu Bawa mai kalangu a kan wata waƙar opera, irin ta wasan dandamalin Turawa, da wata Baturiya ta rera a tsohon kaset da na samo a Ƙonni. Na zauna da piyano na sassauta ta har ta koma salon kiɗan jaz, abokina Sani ya riƙe mana gindin kiɗan da jitarsa. Kawu kuwa ya kafe. Wai kalangu magana yake yi, shi ba ya kaɗa abin da bai san ma'anarsa ba. Kullum tambayarsa ɗaya: "Mi matar ga taka cewa?" Ni ko ban jin Italiyanci. Na so in shirga masa ƙarya, kunya ta hana ni.

Bayan la'asar na gaji da gardama, na kunna masa kaset ɗin sau uku. Can ya ce, "Ɗana, wagga rakiya taka yi. Wani nata ya tafi."

Ya matse kalangu a hammata, ya bi muryarta hawa da sauka, har lanƙwasar da piyano ya kasa yi. Sai na sakar masa waƙar, ni da Sani muka koma bayansa. Raina ya ɗan sosu, don bin muryar shi ne wurin da na keɓe wa kaina.

Da muka gama, Kawun da bai taɓa yaba mini ba ya ce, "Hannunka na hagu ya fara hankali."

Na ce, "Na dama fa?"

Ya ce, "Wannan surutu garai."

Na karɓa. Rabin yabon Kawu ya fi tafin kasuwa guda.