Bibata Ta Sauka Daga Tabarmar Inna

Doso, ranar Laraba.

Zuwa ga ƙanena Hamani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya a can Abijan. Allah Ya tsare ka, Ya sa albarka a nemanka. Mu nan kowa lafiya. Inna dai ƙafar nan tata ce ke taɓa ta, amma bakinta garau yake, ka san shi ba ya ciwo. Matar ɗan'uwanmu Sumana ta sauka, an samu namiji, gero kuma ya yi kyau bana.

To, maganar 'yarka Bibata. Na ji tun da labarin faɗuwarta a makaranta ya iske ka kana shirin ajiye aikinka ka taho, wai ɓoye maka muke yi. Ka kwance kayanka. Jiya muka koma wurin likita, ya sake duba ta, ya ce zuciyarta lafiya lau, ba ciwon da ya ɗauke mahaifiyarta ba ne, Allah Ya jiƙanta. Wallahi da ya faɗi haka sai da na zauna a ƙasa na yi kuka don daɗi. A waya ba na iya yi maka bayani, Inna na gefena ta kasa kunne, shi ya sa na rubuto.

Abin ya faro ne a wani bikin suna tun bazara. Wata yayar marigayiya ta zo daga Loga, ta ɗaga hannun Bibata a gaban mata, ta ce ashe gidan su Hamani gero ya ƙare, marainiya ta koma karan dawa. Ka san Inna da zuciya. Washegari ta shimfiɗa tabarma a rumfa ta dasa yarinyar, ta fara yi mata irin kiwon da muke wa mai jego kafin ta koma ɗakin miji: fura da nono da safe, kunun dusa da rana, dambu yana naso da mai da yamma. Ta hana ta zuwa famfo, ta hana a aike ta, makaranta ma sai a kan babur ɗin kabu-kabu. In ta ji yara na gaɗa ta miƙe, sai Inna ta ce, "Zauna, ja'ira! Gerona za ki kai titi ki zubar?" Na yi magana har bakina ya gaji, ta ce ni da nake kamar muciya me na sani game da jiki.

Jiki kuwa ya zo, maƙwabta na yabo, Inna na hura hanci. Ni da nake ɗaki ɗaya da yarinyar na ga sauran. Barci ya ƙaurace mata, gwiwoyi na ciwo, abu kaɗan sai kuka. Ranar da ta faɗi a makaranta, fili kawai aka ce su zagaya, numfashi ya gagare ta, sai muka kai ta wurin likita.

Tun zuwanmu na farko likitan ya tambayi irin wasan da take yi. Da na ce babu wasan, sai ya riƙe baki. Ya ce yaro da guje-guje yake girma, ƙashi da zuciya duk motsi suke so. A rage mata cima, a sake ta kullum ta yi wasa har ta yi gumi, amma a bi a hankali. Inna ta ce ba mamaki, likitan ma ramamme ne.

Ni kuwa ban tsaya jiran izini ba. Kullum da la'asar sai in ce ina son mai riƙe mini kwando zuwa garka, lambun nan namu, tsinkar zogale, a hanyar dawowa in bar ta a dandali wurin 'yan mata. Da farko abin tausayi ne, tsalle biyu ta durƙusa tana haki, yara na kiran ta buhun gero. Ta ce ba za ta koma ba, na ce sannu ba ta hana zuwa. Yanzu ni ce ke haki a bayanta. Tana barci kamar an jefar da ita, malaminsu ma ya ce ta fara ɗaga hannu a aji.

Shekaranjiya asirinmu ya tonu. Inna ta biyo sawunmu da ƙwaryar fura, ga sanda a hannu, na ce yau kashina ya bushe. Ta iske Bibata tsakiyar gaɗa, ta faɗa da baya, 'yan mata sun cafe ta sun cilla ta sama, tana ƙyalƙyala dariya. Inna ta tsaya cik. Can ta ce mini a hankali, ta manta rabonta da jin dariyar nan, kuma abin da ya fi ƙona mata rai, a gabanta ta ɓace ba ta lura ba. Ta goge ido da bakin mayafi, ta miƙa wa yaran furar suka shanye tas. A hanya ta ce in rubuta maka cewa 'yarka tana ramewa, kuma da yardar ita Inna.

Inna na gaishe ka, da Sumana da mai jego Zalika. Ka gaida Kawu Tahiru da iyalinsa, da mai gidanka Malam Burema. Bibata ta ce a gaida babanta, kuma in za ka yi aike kada ka sayo awarwaro, takalmi take so mai ƙwari, nata ya tsinke.

Wassalam. Taka yayarka,
Gambi