Ta'aziyyar Malam Mai Firiza, da Maganar Soket Ɗin da Aka Zare

Cikin alhini, da ɓacin ran da ba za mu ɓoye ba, Ƙungiyar Ma'aikatan Ɗakin Gwaje-gwaje ta Cibiyar Binciken Cututtukan Zuciya ke sanar da jama'a rasuwar dattijonmu, Babban Jami'in Adana Samfurin Jini, wanda kowa ya fi sani da Malam Mai Firiza, bayan jinyar kwana tara sakamakon shanyewar ɓarin jiki. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Shekara goma sha ɗaya marigayin ya yi yana ɗibar jinin masu hawan jini, yana adana shi a firiza biyu da ke ɗan ɗakin bayan zauren taro, domin a binciki wasu ƙananan ƙwayoyi da ke yawo a jini, waɗanda masana ke kira maikro-RNA, ko za su nuna wanda cutar ta fara ci wa zuciya da ƙoda tun bai ji komai a jikinsa ba. Kwalba dubu huɗu ya tara, kowacce da lambarta da hannunsa. Yakan tsare mu a bakin ƙofa ya ɗaura mana abin awo a dantse, yana cewa da mu da marasa lafiyan duk jirgi ɗaya ya kwaso mu. Mu kuwa, kunya ta ishe mu, ba wanda ya taɓa cewa, Malam, miƙo naka hannun.

A watan jiya, Mai Girma Babban Darakta, tare da Masu Girma Mataimakansa uku, suka shirya gagarumin taro kan inda binciken maikro-RNA ya dosa a duniya. Wayar lasifika ba ta kai ba, sai aka leƙa ɗakin Malam, aka zare wayar firiza ɗaya daga soket ɗin bango aka jona ta lasifikar a wurin. An yi jawabai masu daɗi, an tafa, an watse, ba wanda ya mayar da wayar firizar. Bayan kwana uku Malam ya dawo daga hutu ya tarar da ruwa har ƙarƙashin ƙofa, jinin mutum dubu biyu ya narke ya lalace. Ba mu ce wannan ne ajalinsa ba. Ajali na Allah ne, amma soket hannun mutum ne ya zare shi, kuma har yau ba a ce wa kowa uffan ba.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga mai ɗakinsa, wadda ta shaida mana cewa ko a gadon asibiti tambayarsa ɗaya ce, ko ɗaya firizar na nan da sanyinta, da kuma ga 'ya'yansa biyar da jikokinsa. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa, Ya ba su juriyar wannan babban rashi.

Mun samu labarin cewa Hukumar Gudanarwa ta shirya taron tunawa da shi ranar Alhamis, a wannan zauren, da wannan lasifikar. Mun gode ƙwarai da karamci. Muna dai sanar da Masu Girma cewa mun sa wa ɗakin Malam sabon kwaɗo, makullin kuma yana hannun mai ɗakinsa. Duk mai jawabi ya ɗaga murya.

Sa hannu:
Kakakin Ƙungiya,
a madadin dukkan ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje